Yadda ake ba makarantu maki, da yadda iyaye za su karanta shi

Ƙanwata ce ta kira ni da daddare, muryarta na rawa. An ba ɗanta takarda ya kai gida, cewa hukumar ilimi ta ba makarantarsu harafin C a bana. "Yaya, cire shi zan yi," in ji ta. "Waccan ta gaba da mu B aka ba ta." Na ce ta dakata tukuna, ta turo mini rahoton gaba ɗaya har shafin ƙarshe. Shekara goma sha bakwai na yi ina koyar da lissafi a sakandare, na sha zama a ɗakin malamai ranar da irin wannan sakamako ya fito, don haka na san abin da harafi ɗaya yake ɗauke da shi, na kuma san abin da yake zubarwa a hanya. Matakan da na bi da ita a daren nan da makonnin da suka biyo baya su ne zan shimfiɗa muku.

Ku fara da gano wanda ya ba da makin, da abin da ya yi awon da shi. Hanyoyin ba su wuce uku ba. Ta farko, a tattara sakamakon jarrabawar ɗalibai a mayar da shi lamba ko harafi. Jihar Filorida ta Amurka ce ta fara raba wa makarantu A zuwa F a 1999, zamanin Gwamna Jeb Bush, daga baya jihohi da dama suka bi sahu. A Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwada kowane yaro a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, da sau ɗaya a babbar sakandare. Dokar da Shugaba Obama ya maye gurbinta da ita a Disamban 2015 ta bar jarrabawar yadda take, amma ta sakar wa jihohi mara kan yadda za su haɗa makin. Hanya ta biyu ita ce a tura sufetoci su shiga azuzuwa, su duba littattafai, su yi magana da yara da malamai, sannan su rubuta rahoto. Haka hukumar Ofsted take yi a Ingila tun kafa ta a 1992. Ta uku kuwa makaranta ce da kanta take auna kanta, ta buga a ƙaton allo a bakin ƙofa cewa duk ɗalibanta sun ci jarrabawa. Kowace daga cikin ukun nan akwai yadda ake karanta ta, zan zo kansu.

Inda yaro ya tsaya da nisan da ya taka

A nan ne na fi so ku ba ni hankalinku, domin duk sauran maganar a kansa take rataye. A cikin makin makaranta akwai abubuwa biyu da ake cuɗawa wuri guda, alhali ba su da haɗi sosai. Ɗaya shi ne matsayi: yara nawa ne suka kai layin da aka shata a jarrabawa. Ɗayan kuma ci gaba: daga inda yaran suke bara zuwa inda suke bana, wane nisa suka taka.

Ku ɗauki mutum biyu a jikin dutse. Ɗaya an ajiye shi da mota a kusa da ƙololuwa, ya ɗan taka kaɗan ya tsaya. Ɗayan daga gindin dutsen ya faro, ya hau ya hau har ya wuce tsakiya. Idan aka tambaya wa ya fi tsayi a sama, na farko ne. Idan aka tambaya wa ya iya hawa, amsar ta juya. Makarantar da take karɓar yaran da suka zo da karatunsu tun daga gida, iyayensu na da littattafai da lokaci da halin ɗaukar malamin darasi, za ta fito da matsayi mai kyau ko da malamanta ba su tsinana wani abin kirki ba. Wadda take karɓar yaran da suka zo aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba tana iya yin aikin shekara biyu a shekara guda, amma yaran ba su kai layin ba tukuna, sai a rubuta cewa ta gaza.

Wannan magana ta tsufa. A 1966 masanin zamantakewa James Coleman ya fitar da rahoton binciken da aka yi wa ɗaliban Amurka fiye da dubu 600, ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi bayyana bambancin sakamako a kan bambancin gine-gine da kayan aikin makarantu. Ma'anar haka gare ku a yau ita ce, yawancin abin da makin matsayi yake gaya muku labarin yaran da suka shiga makarantar ne. Abin da makarantar ta yi musu da hannunta, a layin ci gaba za ku same shi.

To ku nemi yadda aka raba nauyin. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka misali ce mai sauƙin lissafi: kashi 80 na makin matsayi ne, kashi 20 ci gaba, kuma A tana farawa daga 85, B daga 70, C daga 55, D daga 40. A ce wata makaranta ta samu 90 a matsayi, 60 a ci gaba. Kashi 80 na 90 shi ne 72, kashi 20 na 60 shi ne 12, jimla 84, ta tashi da B mai ƙarfi. Wata kuma ta samu 50 a matsayi, 90 a ci gaba: 40 da 18, jimla 58, ta tashi da C. Ta biyun nan ce take ɗaga yara sama da gudu, ta farkon kuwa yaranta ma ba sa tafiya yadda ya kamata, amma uban da ya kalli harafi kaɗai zai kwashi ɗansa daga ta biyu ya kai ta farko yana murna. Wannan lissafin da kansa na sa ƙanwata ta yi a bayan takardar, da biro, kafin mu ci gaba da magana.

Wasu ƙasashen sun gane matsalar suka gyara ma'auninsu. Ingila ta shigo da wanda take kira Progress 8 a 2016: ana ɗaukar sakamakon yaro na ƙarshen firamare yana shekara 11, a kwatanta abin da ya samu a darussa takwas yana shekara 16 da na sauran yaran ƙasar da suka faro daga wuri ɗaya da shi. Sifili yana nufin makarantar tana daidai da tsaka-tsakin ƙasa. Idan lambar ta kai 0.5 sama da sifili, yaranta sun fi takwarorinsu da kusan rabin mataki a kowane darasi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ostireliya kuma, a shafinta na My School da ta buɗe a 2010, tana nuna sakamakon makaranta kusa da na ɗaliban da suka fito daga gidaje masu kama da juna. Duk inda kuke, idan rahoton yana da irin wannan layi, shi za ku fara karantawa. Idan babu, ku tambayi shugaban makarantar kai tsaye: yaran nan da suka fita bana, yaya suke lokacin da suka shigo?

Sai dai shi ma awon ci gaba ba a rantse da shi. Ya dogara da ingancin jarrabawar farko, kuma yana rawa daga shekara zuwa shekara fiye da awon matsayi. Shi ya sa a Ingila ake buga shi tare da tazara, a ce gaskiyar lambar tana tsakanin kaza da kaza. Idan tazarar makarantu biyu ta hau kan juna, kada ku ɗauka ɗaya ta fi ɗaya.

Su wa aka ƙidaya

Tambaya ta gaba ita ce yara nawa ne a cikin lissafin. Ajin ƙarshe mai yara 20, kowane yaro ɗaya kashi 5 ne cikin ɗari. Yara uku su kwana da zazzaɓi ranar jarrabawa, makaranta ta faɗo da kashi 15, alhali malamai ba su sauya komai ba. A makaranta mai yara 200 a ajin ƙarshe, waɗannan ukun kashi ɗaya da rabi ne kacal. Don haka ƙananan makarantu ne ake yawan gani a can sama da can ƙasan jeri, bana su ne zakaru, baɗi an neme su an rasa. Maganin wannan shi ne ku nemi sakamakon shekara uku a jere ku ajiye su kusa da juna. Hanyar da lambobin suka nufa ta fi lambar bana muhimmanci.

Daga nan ku duba waɗanda ba a ƙidaya ba. Wannan ya fi shafar makarantar da take tallar kanta da cewa kowa ya ci. Kowa cikin su wa? Na taɓa koyarwa a wata makaranta da ake kiran iyayen yaran da ake tsoron za su faɗi, wata shida kafin jarrabawa, a lallaɓa su su mayar da yaran wani wuri ko su yi musu rajista a waje. A wata shekara yara uku daga ajina aka yi wa haka, har da wata yarinya da ta fara gane lissafin ɓoyayyun lambobi a daidai lokacin, na ga idonta ya buɗe, mako biyu bayan haka kujerarta ba kowa. Har yau abin yana ci mini rai. A ƙarshen shekara aka buga allo cewa an ci ɗari bisa ɗari. Tambayar da take tona wannan asiri gajera ce: yara nawa suka shiga ajin farko a wannan rukuni, nawa ne suka zauna jarrabawar ƙarshe da sunan makarantar, sauran ina suka tafi? Dokar Amurka ta nemi toshe wannan ƙofa da sharaɗin cewa a gwada aƙalla kashi 95 na ɗalibai, kuma a fitar da sakamakon rukuni-rukuni: masu buƙata ta musamman, masu koyon harshen koyarwa, 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Idan ɗanku yana cikin ɗayan rukunan nan, layinsa ya fi jimlar makarantar amfani gare ku nesa ba kusa ba.

Akwai kuma maguɗi tsagwaronsa. A shekarun 1970 wani masani Ba'amurke, Donald Campbell, ya yi gargaɗin cewa duk lambar da aka rataya wa hukunci mai nauyi, mutane za su fara murɗa ta har ta daina auna abin da aka ƙirƙire ta dominsa. Birnin Atlanta na jihar Jojiya a Amurka ya tabbatar da maganarsa. Binciken da gwamnatin jihar ta fitar a 2011 ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin yara a jarrabawar 2009, kuma a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Waɗanda suka fi cutuwa su ne yaran da takarda ta ce sun iya, aka hana su taimakon da suke buƙata. Idan kuka ga makaranta ta yi tsalle daga ƙasan jeri zuwa samansa a shekara ɗaya, ba sabon shugaba, ba sababbin malamai, ba wani sauyi da za a nuna da yatsa, ku tuna ruwa ba ya tsami banza. Ko ba a kai ga maguɗi ba, akwai ɗan'uwansa mai sauƙi: a rage zane da wasanni da tarihi, a cika yini da bitar tsofaffin tambayoyi. Jadawalin darussa na mako zai nuna muku wannan a kallo ɗaya.

Rahoton sufetoci

Idan makin daga sufetoci ya fito, ku fara duba kwanan watan ziyarar. Daga 2012 zuwa 2020 makarantun Ingila da aka ba matakin fice, wato mataki mafi girma a hukuncin sufetoci, an ɗauke musu ziyarar da aka saba, wasu suka haura shekara goma ba wanda ya leƙa su. Da aka koma duba su a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, fiye da kashi 80 na waɗanda aka ziyarta sun rasa wannan matsayi. Iyaye sun yi shekaru suna rububin yabon da ya riga ya tsufa.

Sannan ku karanta cikin rahoton, kada ku tsaya a kalmar da aka rubuta a samansa. A Nuwamban 2022 sufetoci sun ziyarci makarantar firamare ta Caversham a garin Reading. Sun same ta da kyau a koyarwa da tarbiyyar yara da sauran fannoni, amma saboda giɓi a tsarin kare lafiyar yara aka ba shugabancinta mataki mafi ƙasa, wannan kuma ya ja hukuncin makarantar gaba ɗaya daga fice zuwa gazawa. Shugabar makarantar, Ruth Perry, ta kashe kanta a Janairun 2023, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke a Disamban wannan shekarar cewa ziyarar ta taimaka wajen faruwar hakan. A Satumban 2024 gwamnati ta soke hukuncin kalma ɗaya ga makarantunta. Na kawo wannan labari mai nauyi ne don ku ga yadda kalma guda take haɗiye shafuka. Uban da ya karanta rahoton zai san cewa koyarwa lafiya lau take, abin da zai bibiya shi ne ko an gyara giɓin tsaron yara, kuma wannan tambaya ce da ya wajaba a amsa masa da gaggawa.

Kada wani ya fahimce ni da cewa a daina auna makarantu. Yankin Wels na Birtaniya ya daina buga jerin sakamakon makarantun sakandare a 2001, Ingila kuwa ta ci gaba, kuma masu bincike a Jami'ar Bristol sun gano cewa sakamakon ɗaliban Wels ya ja baya idan aka kwatanta da na Ingila, musamman a makarantun da suka fi rauni. Makarantar da ta san ba mai kallonta tana iya yin barci, kuma 'ya'yan talakawa ne suke fara biyan kuɗin barcin. Ina son awo. Abin da nake roƙo shi ne a buɗe shi a karanta.

Gani ya kori ji

Bayan takarda sai ƙafa. Ku nemi izinin ziyara a ranar karatu, ranar da ba a shirya wa baƙi ba. Ku tsaya a baranda lokacin sauya darasi ku ji yadda malamai suke kiran yara, ku ga ko yaran suna gaishe su da sakin fuska ko suna raɓewa. Ku roƙi a nuna muku littafin rubutu na yaro mai matsakaicin ƙoƙari, domin na zakaran aji kowace makaranta tana da shi a ajiye. Ku duba ko malami yana gyara aikin, ko yana rubuta abin da yaron zai yi don ya gyara, ko kuwa jan biro ne kawai ya ratsa shafi. Ku leƙa banɗaki. Shugabancin da ya kula da wurin da baƙo ba ya zuwa ya kula da sauran.

Idan kun zauna da shugaban makarantar, ku yi masa tambayoyin da lamba ba ta amsawa. Malamai nawa suka bar aiki bara? Makarantar da malamanta suke tserewa duk shekara tana da ciwon da bai fito a sakamako ba tukuna. Yara nawa ne suke yawan fashi? A Amurka ana lissafa yaro cikin masu yawan fashi idan ya rasa kashi 10 na kwanakin karatu, kuma jihohi da yawa sun sa wannan a cikin makin makaranta. Sai babbar tambayar, wadda na ce wa ƙanwata ta yi da ladabi amma kada ta bari a kauce mata: "Malam, a ina kuka fi rauni, kuma me kuke yi a kai?" Shugaban kirki zai ambaci darasin da ajin, ya faɗi abin da aka fara da lokacin da za a sake dubawa. Wanda ya ce komai lafiya, ko ya ɗora laifin duka a kan iyaye da yara, ya ba ku amsa shi ma.

Ku kuma san haƙƙinku, domin maki mara kyau yakan jawo wajibai a kan hukuma. A Karolina ta Arewa dole ne a sanar da iyaye a rubuce idan makaranta ta samu D ko F. Dokar tarayyar Amurka ta 2015 ta wajabta wa kowace jiha ta ware kashi 5 mafi rauni cikin makarantun da ke karɓar tallafin yaran talakawa, da manyan sakandaren da kashi ɗaya cikin uku na ɗalibansu ko fiye ba sa kammalawa, a yi musu shirin gyara tare da shawarar iyaye. Duk inda aka yi irin wannan shiri, ku nemi kwafinsa, ku halarci taron iyaye da malamai da shi a hannu.

Ɗanku ba jimla ba ne

Maki na yara ɗaruruwa ne, ku kuwa ɗaya ko biyu kuka kai. Ku zaunar da yaron ya karanta muku shafi guda da murya, ku ajiye littafin ku tambaye shi abin da ya fahimta. Ku ɗauko littafin lissafinsa na farkon shekara da na yanzu ku gwada. Ku tambaye shi wane malami ne ya san sunansa, wa yake zama da shi lokacin tara, ko akwai wanda yake tsoro. Sauya makaranta yana da nasa farashin: abokai sun tafi, manhaja ba lallai ta zo daidai ba, yaro yakan yi watanni kafin ya samu gindin zama. Abubuwan da ni a wurina suke sa a cire yaro ba tare da dogon tunani ba su ne idan ba shi da aminci a wurin, ko ci gaban makarantar yana ƙasa shekara bayan shekara kuma shugabanta ba shi da amsa, ko yaron da kansa ya tsaya cik an yi magana har an gaji ba abin da ya sauya.

Da ƙanwata ta buɗe sauran shafukan, sai ta ga makarantar ɗanta ta zarce abin da aka zata a ci gaba shekara uku a jere, mai B ɗin kuwa sau ɗaya kawai ta kai. Ta je ziyara ranar Talata. Shugabar makarantar ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa karatun aji huɗu ne rauninsu, sun ware minti talatin kowace safiya ana karatu rukuni-rukuni, za su sake gwada yaran a ƙarshen zango na biyu. Ɗan nata a aji huɗun yake. Ta bar shi, ta karɓi jerin littattafan da malamarsa ta ba ta, suna karanta shafi huɗu kowane dare, ta kuma rubuta ranar gwajin a kalandar wayarta don ta koma ta ji sakamakon da kunnenta.